Wutar Lantarki da Tuwon Biki

Duk wanda ya taɓa ganin hidimar biki a Tudun Wadan Zariya ya san ba a ɗora tukunya da ka. Tun da sauran kwanaki matan gida za su zauna su yi lissafi: dangin ango nawa ne, na amarya nawa, gida nawa za a kai wa a unguwa, kwano nawa za a aro, yara nawa za a aika. Sai an gama wannan ake auna tsaba a kai niƙa. In aka tsallake lissafin, ko buhu goma aka tuƙa, wasu za su kwana da yunwa alhali ga tuwo a tukunya.

Haka sha'anin wutar lantarki yake. Madafarmu ita ce madatsar Kainji da aka buɗe a 1968, da Jebba a 1985, da Shiroro a 1990, sai ta Zungeru mai megawat 700 da ta zo daga baya, da tashoshin gas da ke kudu. Injinan da aka girka a ƙasar nan sun kai kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci bai wuce 4,000 zuwa 5,000 ba. Wata tashar ba ta samun gas, wato ga tukunya babu itace. Wata kuma in ta dafa, babu isasshen layin da zai ɗauka.

Mutanen Arewa sun ɗanɗana wannan a watan Oktoba na 2024, lokacin da ɓata-gari suka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, layin da ke biyowa ta Makurdi zuwa Jos shi ma ya samu matsala. Fiye da mako guda jihohi da dama suna cikin duhu. Masu walda suka rufe shago, masu ƙanƙara suka yi asara, kuɗin niƙa da na cajin waya ya tashi. Shiroro ba ta daina girki ba, ɗan aike ne ya faɗi a hanya, kuma ba a tanadi wani mai ƙarfinsa ba.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne wurin rabo. An kafa Tudun Wada a wajen ganuwar birni tun zamanin Turawa, yau kuwa ta cika ta batse har ta haɗe da Gyallesu da Tudun Jukun. Gida mai ɗaki huɗu ya koma mai goma, zaure ya zama shagon tela, an gina ɗakunan haya saboda ɗaliban jami'a da ke Kongo, kowane gida da firji da injin jan ruwa. Taransifomar da aka sa don gidaje kaɗan ita ake ɗora wa wannan kaya duka. Shi ya sa za a kawo wuta amma ba ta iya juya fanka, kuma da ta ƙone sai a shiga bi gida-gida ana karo-karo. Kwano ɗaya ba ya ɗaukar tuwon unguwa.

Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, kamfanin Kaduna ke kula da Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. A watan Afrilu na 2024 aka mayar da kuɗin 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Biyan kuɗin cefane wajibi ne, amma adalci shi ne kowane gida ya samu mita, ya biya abin da ya sha, a daina bil na ƙiyasi. Mu ma mu daina satar layi, domin nauyinta a kan maƙwabci yake sauka.

Ƙauyukan da ke nesa kuwa, mai hankali ba ya ɗaukar tuwo ya yi tafiyar yini da shi, can yake kafa wani murhu. Wannan shi ne amfanin ƙananan tashoshin sola. Jami'ar Bayero ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, an kuma sa wa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano sola. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba sa kan layin wuta na ƙasa, kuma ba dukansu ne za a kai wa turaku nan kusa ba.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Kiranmu ga gwamnatin Kaduna, da kamfanin rarraba wuta, da masu unguwanni, shi ne a fara da ƙidaya: gida nawa, shago nawa, injin niƙa nawa ke kan kowace taransifoma, kuma nawa za su zama nan da shekara goma. Injiniyoyin da za su yi wannan aiki suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli. A kira su, a ba su aikin.