Mai Zane Da Ruwa A Garin Da Babu Ruwa

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan jingine zancen taki da irin shuka, mu ba ku labarin wani mutum wanda sana'arsa zane ce. Watakila wani ya ce, ina ruwan manomi da mai zane? To, a yi haƙuri a karanta tukuna. Mutumin nan ya yi aikinsa ne a garin da yaƙi ya watsa, mutanen garin suka gudu, daga baya suka komo suna ta gyaran kango. Mu da ke Sakajiki da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba sai an fassara mana irin wannan zama ba.

Sunansa Obiora Udechukwu. Ibo ne, an haife shi a Anacha cikin shekarar 1946. A 1965 ya zo nan Arewa, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya domin koyon zane. Shekara ɗaya tak ya samu. Kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa cikin 1966 suka sa ya tattara ya koma gida tare da dubban 'yan'uwansa. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli 1967, bai ƙare ba sai a Janairu 1970. Yaron nan ya yi zaman yaƙin a ɓangaren Biyafara, aikinsa kuwa zane. Ya ga masu gudun hijira da kaya a ka, ya ga yara da yunwa ta kumbura wa ciki, fuskokin nan kuwa ba su rabu da hannunsa ba har ya manyanta.

Da aka ajiye makamai sai ya tafi Nsukka ya ci gaba da karatu. Nsukka gari ne na tuddai da jar ƙasa a gefen arewa na ƙasar Ibo, a nan ne aka buɗe jami'a a 1960. Da yake garin yana bakin iyaka, yana cikin garuruwan farko da sojojin tarayya suka kama a watan Yuli 1967. Waɗanda suka komo a 1970 sun tarar da gine-gine a lalace, littattafai da yawa sun salwanta, kayan aiki babu. A cikin wannan hali aka sake buɗe sashen koyar da zane.

Wanda ya shugabanci sashen shi ma ɗan Zariya ne ta wajen karatu. Sunansa Uche Okeke, ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan. A 1958 shi da waɗansu abokansa, irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama jami'a a 1962. Ra'ayinsu shi ne, a ɗauki abin da ke da amfani cikin koyarwar Turawa, a gama shi da abin da aka gada a gida. Da Okeke ya kama aiki a Nsukka bai zauna jiran kaya daga Ingila ba. Ya tura ɗalibai ƙauyuka su koyi zane wurin tsofaffin mata.

Gama matan Ibo suna da wani zane nasu da suke kira uli, suna yinsa a jiki da bangon ɗaki. Ruwan 'ya'yan itacen da suke zane da shi a jiki dangin katambirin nan ne da kakanninmu mata suke ɗigawa a fuska. Udechukwu ya tafi Agulu, garin iyayensa, ya yi nazarin zanen bango, a kansa ya rubuta takardar gama digirinsa na farko a 1972. Ya sami na biyu a 1977, ya zama malami a wurin. Abin da ya ɗauko wurin matan nan shi ne ja layi siriri, guda ɗaya, ba kwana-kwana, da kuma barin fili. Ba dole sai an cika takarda ba. Daga baya ya duba yadda masu zane na ƙasar Sin suke aiki da tawada da ruwa, ya ƙara da wannan.

Bari mu tsaya mu faɗi mene ne fentin ruwa, don ba irin wanda ake shafa wa ƙofa da taga ba ne. Garin launi ne mai laushi ƙwarai, a kwaɓa shi da ƙaro, wani lokaci a ɗiga zuma kaɗan don kada ya tsage, a bar shi ya bushe kamar ɗan dunƙulen sabulu. In za a yi aiki sai a jiƙa burushi da ruwa, a goga a kai, a shafa a takarda. Ruwan ya bushe ya tafi abinsa, ƙaron ya riƙe launin a jikin takarda. Takarda mafi kyau ga wannan aiki mai kauri ce, da auduga ake yinta. Shi ke nan kayan aikin: launi, ƙaro, ruwa, takarda da burushi. Duka sai su shiga jakar makaranta.

Amma fa sauƙin kaya ba sauƙin aiki ba ne. Mai fentin ruwa ba ya amfani da farin fenti yadda masu fentin mai suke yi. Farinsa shi ne farin takarda. In yana so hasken rana ya fito a kan kogi, ko farar rigar wani dattijo, tilas ya san wurin tun kafin ya fara, ya kewaye shi, ya bar shi ba taɓawa. Daga launi mai haske ake farawa a gangaro zuwa mai duhu, in kuwa duhu ya hau ba ya sauka da daɗi. Da hunturu ruwan yakan bushe tun mutum bai gama jan layi ba, da damina kuwa sai ya yi ta jira takarda ta sha iska. Wanda ya taɓa shuka a kan ruwan farko ya san irin wannan lissafi. Akwai ɗan lokacin da ƙasa take daidai, in ya wuce ya wuce.

Da wannan kaya Udechukwu ya yi ta zana ƙasar Nsukka da mutanenta: tuddai, hanyar da ta ratsa tsakaninsu, hazo, dare da wata, mata da kaya a ka. Ba ya ƙoƙarin sa kowane ganye a kan itace. Sau da yawa sai ya shimfiɗa launi ɗaya ko biyu, sa'an nan ya bi da alƙalami da tawada ya ja layi kaɗan, sai ga tudu, sai ga mutum.

Abin da ya fi jan hankalinmu cikin aikinsa shi ne zancen ruwa. Ana ruwan sama a Nsukka fiye da namu nesa ba kusa ba, amma ƙasar wurin tana shanye shi ya nutse can ƙasa, rijiyar hannu ba ta cim masa. Saboda haka mata da yara sukan yi tafiya mai nisa da tulu da garwa, ko su yi layi suna jiran motar ruwa. Wannan kuwa a lokacin da kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, ana ta gina manyan hanyoyi da sabon babban birni a Abuja. A 1981 ya yi nunin zane-zanensa, ya sa masa suna "No Water", watau Babu Ruwa. A cikin aikinsa na shekarun nan za ka ga masu jiran ruwa, ka ga talakawa ramammu, ka kuma ga attajirai da masu mulki da manyan riguna.

A ganinmu waɗannan sun fi zanen yaƙin ƙarfi. Yaƙi kowa ya san mugun abu ne, ba a bukatar mai zane ya faɗa. Amma shekara goma bayan an daina harbi, an gyara rufin jami'a, an yi fenti, manya suna cewa gari ya farfaɗo. Mutumin nan sai ya nuna cewa yarinyar da ke ɗaukar garwa ba ta ga farfaɗowar ba tukuna. Ba mu ce zanensa ya haƙa rijiya ko guda ba, takarda ba ta haƙa rijiya. Sai dai duk mai son sanin yadda talakan Nsukka ya zauna a shekarun nan, ga shaida a ajiye.

Sauran labarinsa gajere ne. Ya koyar a Nsukka har 1997, ya horar da ɗalibai masu yawa. Mawaƙi ne kuma, littafin waƙoƙinsa na 1990 ya ci kyautar ƙungiyar marubuta ta Nijeriya. A 1997 aka nuna aikinsa tare da na waɗansu mutum shida na Nsukka a gidan ajiye kayan fasahar Afirka da ke Washinton, a shekarar kuma ya koma Amurka yana koyarwa a Jami'ar St. Lawrence. A Zariya ma ba a yar da sana'ar ba. Farfesa Jerry Buhari, mutumin ƙasar Kachia wanda aka haifa a 1959, an san shi da ƙananan zane-zane na fentin ruwa a kan yadda ƙasa da itatuwa ke lalacewa a hannun mutane.

To, mu komo gida. Ba za mu ce ƙasarmu ta farfaɗo ba, gama ba ta farfaɗo ba tukuna. A watan Satumba 2021 aka yanke layin waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Shinkafi. A watan Oktoba na shekarar 'yan bindiga suka shiga Sakajiki suka kashe mutum 12. Tun daga lokacin ma ba a huta ba. Akwai gonakin da aka yi damina da damina ba a sa musu fartanya ba. Ku kun san abin da daji yake yi wa gonar da aka bari: gamba da sabara su rufe iyaka, a sare kukar da ake kwatance da ita, zaizaya ta canja bakin fadama. Akwai kuma yaran da suka yi wayo a Ƙaura ko Gusau, ba su taɓa ganin gonar ubansu ba. Ranar da za a koma, rigimar iyaka tana jira, waɗansu dattawan da suka san wurin kuwa Allah ya yi musu rasuwa.

Shawarar da muke kawo wa ƙungiyoyin gama kai ita ce, kowace ƙungiya ta nemi yaro ko yarinya mai hannun zane. Ba a rasa su, kowane malamin firamare ya san ɗaya a ajinsa. A saya masa takarda mai kauri da burushi biyu. Ya zauna da tsofaffi, maza da mata, su faɗa yana zanawa: ga rijiya, ga tsamiya, ga inda gonar wane ta tsaya ta wane ta fara, ga hanyar shanu, ga inda Gagare ko Bunsuru ke kaiwa in ya cika. A nan zane ya fi hoton waya, domin waya ba ta ɗaukar abin da ke cikin kan tsoho. In an gama, a karanta wa jama'a a gaban mai unguwa, wanda ke da gyara ya yi. Takardar nan ba za ta zama hujja a kotu ba, amma tana iya kashe gardama tun ba ta kai kotu ba. Ya kuma zana abin da ke gabansa yau, layin ruwa a bakin famfo, tsohuwar tashar Ƙaura da jirgin ƙasa ya fara isowa a 1929, rumbunan da aka sake ginawa.

Muna gargaɗi da babbar murya: kada a tura yaro daji don zane. A zamanin nan wanda aka gani da takarda yana kallon hanya ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, ko ta wannan gefe ko ta wancan. A yi aikin a cikin gari, da sanin mai gari, kada a zana wurin da jami'an tsaro suke.

Launi kuwa ba sai an je Kano ba. Malaman allo tun kaka da kakanni suke haɗa tawada da ƙaro, asalin dabarar ɗaya ce. Jar ƙasa da aka tankaɗe aka tace tana ba da ja da ruwan ƙasa, gawayi ko baƙin tukunya yana ba da baƙi, shuni yana ba da shuɗi, gangamau yana ba da rawaya. A niƙa sosai a kan dutse mai santsi, a jiƙa ƙaro ya kwana, a tace, a kwaɓa. Launin ƙasa da na gawayi suna daɗewa. Gangamau da zoɓorodo suna da kyau ran farko, amma rana tana cinye su da wuri.

Ƙaron nan ma abin dubawa ne. Wanda ya fi daraja daga itacen dakwara yake fitowa, shi ne masana'antun Turai suke sawa cikin fentin ruwa, da lemon kwalba, da alewa, da magani. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, Nijeriya da Chadi suna cikin na bayanta, a nan gida kuwa Barno da Yobe da Jigawa ne suka yi fice. Dakwara tana jure fari, tana gyara ƙasa, ƙayarta tana hana dabba ratsawa, bayan shekara 4 zuwa 5 kuma ana fara tsaga ta da rani a sami ƙaro. Wanda zai koma gonarsa ya sake tsayar da iyaka, ya yi tunanin jera ta a bakin gonar.

In an gama zane, a rubuta a bayansa sunan wurin, da ranar da aka yi shi, da sunayen dattawan da suka ba da bayani. Kada a manna shi a bango inda rana ke bugawa. A sa takarda fara tsakanin kowane biyu, a ajiye su kwance cikin akwatin ƙarfe tare da littafin kuɗin ƙungiya, a ɗora akwatin bisa dutse ko benci saboda gara da laima.