Dalilan da ke Sa Mai Zaɓe ya Fifita Ɗan Takara: Misali daga Zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023 a Jihar Katsina

1.0 Gabatarwa

Zaɓe hanya ce da al'umma ke bi domin fitar da wanda zai jagorance ta na wani ƙayyadajjen lokaci. Abin da ido ke gani a ranar zaɓe bai wuce mutum ya shiga layi, a tantance shi, ya dangwala yatsa a kan alamar wata jam'iyya, ya jefa ƙuri'arsa cikin akwati ba. To amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin yatsan nan ya sauka inda ya sauka, akwai dalilai da suka daɗe suna kai-kawo a zuciyar mai shi. Wannan babi zai yi bayanin waɗannan dalilai, tare da kafa hujja da zaɓen shugaban ƙasa na shekarar 2023 a jihar Katsina. Za a riƙa waiwayar yankin Batsari da Safana, inda ƙauyen Yasore yake, domin a ga yadda al'amarin ƙasa baki ɗaya ke isa ga mazaunin karkara.

2.0 Zaɓen da ya Raba Kan Jama'a

Akan ce zaɓe ya raba kan jama'a idan kowane ɓangare ya ɗauka faɗuwar gwaninsa barazana ce ga addininsa ko yankinsa ko abincinsa. Nijeriya ta sha ganin irin wannan. Alal misali, bayan zaɓen watan Afirilu na 2011, wanda Goodluck Jonathan ya kayar da marigayi Muhammadu Buhari, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa da dama, aka yi asarar rayuka fiye da 800.

Zaɓen ranar 25 ga Fabrairu, 2023 ya raba ƙasar gida huɗu. Bola Ahmed Tinubu na jam'iyyar APC ya sami ƙuri'u 8,794,726. Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520. Peter Obi na LP ya sami 6,101,533. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP kuma ya sami 1,496,687. Ke nan waɗanda ba su zaɓi wanda ya yi nasara ba sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa. Su ma jihohi bakwai na Arewa maso Yamma ba su yi magana da murya ɗaya ba: Atiku ya ci Katsina da Kaduna da Sakkwato da Kebbi, Tinubu ya ci Jigawa da Zamfara, Kwankwaso ya ci Kano.

Sakamakon jihar Katsina shi ya fi ɗaukar hankali, musamman idan aka jera shi da na baya. A 2015 Buhari ya sami ƙuri'u 1,345,441 a jihar, Jonathan ya tashi da 98,937. A 2019 Buhari ya sami 1,232,133, Atiku ya sami 308,056. Amma a 2023, alhali Buhari na kan mulki, kuma ya ɗaga takardar ƙuri'arsa a Daura ya nuna Tinubu ya zaɓa, sai Atiku ya sami 489,045, Tinubu 482,283, Kwankwaso 69,386. Tambayar ita ce, me ya sauya?

3.0 Dalilan Fifita Ɗan Takara

3.1 Amincewa da Mutum

Dalili na farko shi ne yarda da halin ɗan takara. A wurin Bahaushe, gaskiya da riƙon amana da kunya su ne ma'aunin mutumin kirki, kuma da wannan ma'auni yake fara auna mai neman mulki. Laƙabin "Mai Gaskiya" da magoya baya suka yi wa Buhari shi ya tara masa jama'a a jam'iyyu uku daban-daban, wato ANPP a 2003 da 2007, da CPC a 2011, da APC a 2015 da 2019. Duk inda ya koma, ƙuri'unsa na biye da shi. Wannan na nuna mutumin ake bi, jam'iyyar kuwa riga ce kawai.

Sai dai irin wannan amincewa ba a gadonta, ba a kuma ba da aronta cikin sauƙi. Da sunan Buhari ya fita daga takara a 2023, ƙuri'un APC a Katsina sun ragu da kusan 750,000. Haka abin yake a Kano, inda Kwankwaso ya sami ƙuri'u 997,279 a jam'iyyar da bai cika shekara guda da shigarta ba.

3.2 Yanki da Ƙabila da Addini

Dalili na biyu shi ne jin cewa ɗan takara "namu ne". Karin maganar nan ta "naka sai naka" na da ƙarfi a fagen siyasa, domin mutum na kyautata zaton wanda suka haɗa harshe ko alƙibla zai fi jin kukansa. A 2023 an yi ta muhawara a kan abubuwa biyu. Na farko, ko ya dace mulki ya koma Kudu bayan shekara takwas a hannun ɗan Arewa, kamar yadda gwamnonin APC na Arewa suka goyi baya. Na biyu, batun Musulmi biyu a takara guda, wato Tinubu da Kashim Shettima, wanda ya faranta wa wasu rai, ya kuma sosa ran Kiristoci da dama. A Katsina, Atiku da Tinubu da Kwankwaso duk Musulmi ne, saboda haka addini bai raba gardama a tsakaninsu ba. Wanda ya fifita yanki ya karkata ga Atiku ko Kwankwaso, wanda ya fifita jam'iyya da alƙawarin karɓa-karɓa ya tsaya ga Tinubu.

Bai kamata ɗalibi ya ɗauka wannan dalili shi ke yanke hukunci kullum ba. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Moshood Abiola, Bayarabe, ya kayar da Bashir Usman Tofa a jihar Kano, mahaifar Tofa. A 2007 kuwa manyan 'yan takara biyu, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa da Buhari, duk 'yan jihar Katsina ne, don haka dole Bakatsine ya nemi wani ma'aunin.

3.3 Halin Rayuwa

Dalili na uku, wanda ya fi kusa da jikin talaka, shi ne hisabin da yake yi wa gwamnati mai ci. Manomin Yasore da ke noma gero da dawa da wake ba ya bukatar a karanta masa alƙaluman tattalin arziki, domin jiki magayi. Abin da zai tambayi kansa shi ne: shin na iya zuwa gonata ta nesa a bana? Shanuna na huɗa suna nan? Nawa na sayi buhun taki?

Yankin Batsari da Safana na maƙwabtaka da dajin Rugu, wanda ya zama maɓoyar 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A ranar 11 ga Disamba na wannan shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, aka kuma katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana. An yi haka ne domin a toshe wa 'yan bindiga hanya, amma mai kiwo da ɗan kasuwa su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Kafin nan, rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya durƙusar da fatauci a Jibiya da kewaye.

Ana dab da zaɓe kuma sai ga sauyin takardun kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da aka janye tsofaffi, sababbi kuma ba su wadata ba, sai tsabar kuɗi ta yi wuya a watannin Janairu da Fabrairu na 2023. Wahalar ta fi tsanani a ƙauyukan da ba su da banki, inda ciniki duk hannu da hannu ne. Mutumin da ya kai akuya kasuwa ya rasa mai tsabar kuɗin saye, da wannan ɓacin rai ya wayi garin ranar zaɓe.

3.4 Masu Faɗa a Ji da Mawaƙa

Dalili na huɗu shi ne bakin waɗanda ake jin maganarsu. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa na Jami'ar Kolombiya sun bi diddigin masu zaɓe a wata gunduma ta jihar Ohayo. Sun gano cewa saƙon rediyo da jarida yakan fara isa ga wasu tsirarun mutane, su kuma su isar da shi ga na kusa da su, kuma zancen baki da baki ya fi tasiri. A ƙasar Hausa waɗannan mutane su ne maigida da mai unguwa da limami da malamin zaure da dillalin kasuwa da jagorar mata a gidan biki. Majalisar mai shayi da saƙonnin murya na WhatsApp sun ƙara faɗaɗa wannan fage.

Waƙa na da matsayi na musamman a nan. Tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, marubuta irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun yi amfani da waƙa wajen jan ra'ayin jama'a. A wannan zamani Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, ya yi wa Buhari waƙoƙi, ya kuma yi wa Tinubu. Ta hanyar kirari da zuga da habaici da zambo, mawaƙi kan mayar da doguwar manufa gajeren zance da yaro ma zai haddace. Haka take irin "sak", wato a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, yake aiki.

3.5 Abin Hannu

Dalili na biyar shi ne abin da ake rabawa: kuɗi, atamfa, sabulu, taliya ko shinkafa. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta saye da sayar da ƙuri'a. Duk da haka talauci da al'adar sakayya na ba abin gindin zama, domin an ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma wanda kan karɓa, ya shiga rumfa ya zaɓi son ransa. Illar wannan ɗabi'a ita ce, wanda ya sayi ƙuri'a yakan ɗauka ya gama biyan bashin da ke kansa tun ranar zaɓe.

4.0 Abin da Alƙaluma ke Koyarwa

Idan aka sake duban alƙaluman Katsina za a ga abubuwa biyu. Na farko, daga cikin ƙuri'u kusan 750,000 da APC ta rasa tsakanin 2019 da 2023, ƙarin da PDP ta samu bai kai 181,000 ba. Ko an haɗa da na Kwankwaso, akwai kimanin 500,000 da ba su je ko'ina ba. Masu nazari sun danganta wannan da fushi da rashin tsabar kuɗi da gudun hijira, wasu kuma sun ƙara da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, wadda ta rage damar aringizon ƙuri'u. A faɗin ƙasa ma kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu rajista ne suka fito. Ashe zama a gida shi ma wani nau'in hukunci ne.

Na biyu, a ranar da Atiku ya ci jihar da ratar ƙuri'u 6,762, APC ta lashe kujerun sanata uku na jihar. Bayan mako uku, a ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya ci zaɓen gwamna da ƙuri'u 859,892, Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP ya sami 486,620. Ƙuri'un PDP kusan suna nan yadda suke, na APC ne suka ƙaru da fiye da 377,000. Wannan ya nuna mai zaɓe na rarrabe kujera da kujera, kuma yakan auna kowane ɗan takara da ma'auninsa.

5.0 Matsayin Malami

Malamin da aka tura Yasore ko wani ƙauye makamancinsa zai tarar da 'ya'yan magoya bayan jam'iyyu daban-daban a aji guda, wasunsu ma an raba iyayensu da gonakinsu. Shi kansa yana cikin masu faɗa a ji, domin sau da yawa shi ake kai wa takarda ya karanta. Saboda haka wajibi ne ya guji tallar ɗan takara a aji, ya kuma hana ɗalibai jifan juna da zambon siyasa. Aikinsa shi ne ya koya masu bambance hujja da zuga, da yabo da shaida, da labari da jita-jita. Darasin waƙa da na auna fahimta da na muhawara duk fage ne na wannan horo. Ya kuma nuna masu cewa maƙwabcin da ya zaɓi wani daban yana da nasa dalilin, kuma bayan zaɓe rijiya ɗaya za a ci gaba da ɗibar ruwa.

6.0 Kammalawa

A wannan babi an kawo dalilai biyar da ke sa mai zaɓe ya fifita ɗan takara: amincewa da mutum, da yanki da addini, da halin rayuwa, da tasirin masu faɗa a ji, da abin hannu. An kuma ga cewa dalilan kan haɗu a zuciyar mutum guda, wanda ya fi nauyi a lokacin ya rinjayi sauran. Sakamakon Katsina na 2023 ya nuna cewa goyon bayan da aka gina a kan mutum ɗaya ba ya wucewa kai tsaye ga magajinsa, kuma tsaro da abinci na iya rinjayar tsohuwar biyayya.

Auna Fahimta

1. Kawo dalilai biyar da ke sa mai zaɓe ya fifita ɗan takara, ka yi bayanin biyu daga cikinsu tare da misalai.
2. Yaya zaɓukan 1993 da 2007 suka nuna iyakar karin maganar "naka sai naka"?
3. Kwatanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna a jihar Katsina a 2023. Me ka fahimta?
4. Tsara darasin muhawara na minti 40 a kan illar sayar da ƙuri'a, domin ɗaliban ƙaramar sakandare.