Yaya, za ka iya cin jarrabawar ɗan aji biyar?

Duniyoyi nawa ne ke kewaya rana? Wace ƙasa ce ta fi kowace faɗi a nahiyar Afirka? Ka gwada jefa waɗannan tambayoyi biyu a majalisar da manya ke zama bayan Isha'i. Da wuya a rasa wanda zai ce "tara" da "Sudan", har da gyara zama don ya tabbata ya ci. Duk biyun kuwa ya faɗi.

Wasan gwada manya da tambayoyin firamare ya samu karɓuwa har ya zama shirin talabijin. A shekarar 2007 tashar Fox ta Amurka ta fara wani shiri mai suna Are You Smarter than a 5th Grader?, wato shin ka fi ɗan aji biyar basira. Ana ɗauko tambayoyi daga darussan aji ɗaya zuwa biyar, a tsayar da babba gaban jama'a, ga yara 'yan makaranta a gefe waɗanda zai iya leƙa amsarsu idan ya cije. Kyautar ƙoli dala miliyan ɗaya ce. Wanda ya faɗi ko ya janye sai ya kalli kyamara ya furta da bakinsa cewa bai fi ɗan aji biyar ba. Cikin 'yan ƙalilan da suka lashe miliyan ɗin akwai George Smoot a 2009, mutumin da ya riga ya karɓi kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2006.

A can dariya ake yi a watse. A jihar Kaduna kuwa abin bai zo da dariya ba. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka kuma sanar da sallamarsu. Ƙungiyar malamai ta NUT ta yi watsi da yadda aka gudanar da gwajin, har ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018. Kowane ɓangare mutum ya goya wa baya, tambayoyin yara ne suka raba dubban magidanta da albashinsu.

To me ke kayar da babba a tambayar yaro? Na farko mantuwa, kuma wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Ilimin da ba a taɓawa yana yin tsatsa. Ɗan kasuwar da ke lissafin riba da ka kafin ka ciro waya zai iya manta yadda ake tara rabi da sulusi a takarda, don rabonsa da shi tun yana sa gajeren wando.

Na biyun ne ya fi ɗaukar hankalina: mutum bai manta komai ba, amsar ce ta canja bayan ya bar makaranta. Wanda ya ce duniyoyi tara, abin da aka koya masa ke nan, kuma daidai ne a lokacinsa. A watan Agustan 2006 ne ƙungiyar masana taurari ta duniya ta zauna a birnin Prague ta fitar da Pluto daga sahun, suka koma takwas. Wanda ya ce Sudan, shi ma yana da gaskiya har zuwa ranar 9 ga Yulin 2011 da Sudan ta Kudu ta ɓalle, Aljeriya ta hau kan gaba.

Nan gida abin ya fi yawa. Jihohin Najeriya 12 ne a 1967, suka zama 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Saboda haka a gida ɗaya kaka da uba da ƙanin uba kowa da adadin da ya haddace a aji. Wanda ya gama firamare a 1990 an koya masa Dutse na cikin jihar Kano, Gusau na cikin Sakkwato, gwamnatin tarayya kuma na zaune a Legas, don sai a Disambar 1991 ta tare a Abuja. Waɗannan dai kowa ya ji labarinsu a rediyo ya gyara. Pluto fa, wa ya sanar da mai shagon unguwarku?

A ganina wannan ta fi mantuwa haɗari. Wanda ya manta ya san ya manta, zai ce wa yaro "je ka duba littafinka". Wanda ke riƙe da tsohuwar amsa ba shi da shakka ko kaɗan, kuma mu ne yayye da iyaye da ake kawo wa aikin gida da daddare. Yaro ya ce malama ta ce takwas, a ce masa shi da malamar duk ba su san komai ba. Gobe ya rubuta tara, a ja masa jan biro, ya dawo gida bai san wa zai yarda da shi ba. Sau da yawa ma littafin da ya gada daga yayansa tsohon bugu ne, shi ma tara ya ce.

Kada mu 'yan jami'a mu ɗauka maganar tsofaffi ce kawai. A ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da taken ƙasa na farko, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Taken da muka yi shekara shida muna rerawa a layin safe ya zama tsohon yayi dare ɗaya. Yanzu a gidaje da yawa mutum biyu ne suka iya taken Najeriya da ka: kakan da ya yi firamare zamanin Gowon, da autar gida da ke aji biyu.