Hanyoyi Biyu na Haɗa Manhajojin Ofis da Taskar Umarni

Wasu ayyukan lissafi a ma'aikatun da ke Dutse da ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa sun koma kan kwamfuta. Manhajojin albashi da na fansho da na biyan 'yan kwangila sukan bukaci lissafi iri ɗaya, don haka masu rubuta su kan tara irin wannan umarni wuri guda, wanda za mu kira taska. Hanyoyin haɗa manhaja da taska guda biyu ne.

Ta farko ita ce haɗin dindindin, inda ake kwafe umarnin a cusa shi cikin kowace manhaja tun lokacin gina ta. Wannan tamkar kowane gida ya haƙa rijiyarsa ne. Manhajar kan yi nauyi, amma ana iya kai ta wata kwamfuta a Ringim ko Birnin Kudu ta yi aiki ba tare da neman wannan taska ba.

Ta biyu ita ce haɗin lokacin aiki, inda taskar ke zama daban, manhajoji su riƙa kiranta idan an buɗe su, tamkar famfon unguwa. A Windows ana kiran irin wannan fayil DLL.

Bambancin kan fito fili idan doka ta canja. A watan Fabrairu na 2020 an ƙara harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Mu ɗauka manhajoji goma ne ke amfani da wannan lissafi. A haɗin dindindin dole a sake gina duk goman, kuma wadda aka manta za ta ci gaba da cire tsohon kaso. A haɗin lokacin aiki kuwa, gyaran taska ɗaya ya wadatar. Sai dai idan gyaran ya zo da kuskure, duk goman zai shafa a rana ɗaya, kamar yadda unguwa kan rasa ruwa idan famfo ya lalace.

Saboda haka muna ba jami'ai shawara su tambayi mai kawo manhaja wace hanya ya bi, su ajiye rajistar manhajojin da ke dogaro da kowace taska, su kuma gwada duk wani gyara kafin lokacin biyan albashi.