Nandigram: Mazaɓar da Gona ta Haɗa, Siyasa ta Raba

Majalisar dokokin jihar Bengal ta Yamma a ƙasar Indiya tana da kujeru 294, amma ba kowace ce aka san sunanta a wajen jihar ba. Kujerar Nandigram, a gundumar Purba Medinipur, ta yi suna saboda abin da manomanta suka yi a 2007.

Kafin nan mazaɓa ce ta ƙauyuka, ta masu noman shinkafa da masunta, kuma sau da yawa jam'iyyar gurguzu ta CPI ce ke cin kujerar. CPI tana cikin ƙawancen 'yan gurguzu da ya riƙe jihar tun 1977, ƙawancen da ya samu karɓuwa a karkara saboda raba wa talakawa gonaki. Sai ga wannan gwamnatin, a ƙarƙashin Buddhadeb Bhattacharjee, ta shirya karɓe dubban ekoki a Nandigram domin kamfanin Salim na Indunusiya ya kafa masana'antun sinadarai. Manoma suka ce ba su san zancen ba. Suka haƙa ramuka a hanyoyi, suka hana jami'ai shiga. Ranar 14 ga Maris 2007 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum 14 suka mutu. Musulmi da Hindu ne suka tsaya tare a ranar, domin gonar da za a ƙwace ba ta tambayi addinin mai ita ba. Dole gwamnati ta janye shirin.

Akwatin zaɓe bai jima ba ya nuna fushin. Ɗan majalisar CPI, Illias Mohammad, ya sauka bayan zargin cin hanci, kuma a zaɓen cike gurbi na 2009 jam'iyyar Trinamool ta Mamata Banerjee ta tsayar da Firoza Bibi, uwar da aka kashe mata ɗa a wancan harbi. Ta ci, ta kuma sake ci a 2011, shekarar da mulkin shekara 34 na 'yan gurguzu ya faɗi, Mamata ta zama babbar ministar jihar, wato mai riƙe da ragamar gwamnati. A 2016 kujerar ta koma hannun Suvendu Adhikari, wanda ya yi fice wajen haɗa kan ƙauyukan lokacin gwagwarmayar.

A Disambar 2020 Adhikari ya bar Trinamool ya koma BJP, jam'iyyar Firaminista Narendra Modi. Mamata ba ta bar shi haka ba: ta bar mazaɓarta ta Bhabanipur a birnin Kolkata, ta bi shi har gida. Ta ji rauni a ƙafa a Nandigram ranar 10 ga Maris 2021, ta ƙarasa yaƙin neman zaɓe a keken guragu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalaman da aka ji a lokacin. Maganar gona ta koma baya. Adhikari ya riƙa kiran abokiyar karawarsa "Begum" don nuna wai ta Musulmi ce kaɗai, ita kuma ta riƙa karanto addu'o'in Hindu a kan dandali don wanke kanta. Maƙwabtan da aka harba tare shekara goma sha huɗu baya, sai ga shi ana ƙirga ƙuri'unsu bisa wurin ibada. Wannan asara ce babba ga mazaɓar da ta taɓa nuna cewa talakawa na iya tanƙwara gwamnati idan kansu a haɗe yake.

Ranar 2 ga Mayu 2021 aka ƙirga ƙuri'u. Da farko wasu kafofi sun ce Mamata ce ta ci, daga bisani hukumar zaɓe ta bayyana Adhikari da ratar ƙuri'a 1,956. 'Yar takarar 'yan gurguzu, Minakshi Mukherjee, ta zo ta uku can nesa, a yankin da ƙawancensu ya daɗe yana taƙama da shi. Trinamool ta lashe kujeru sama da 200 a jihar, amma shugabarta ta faɗi. Tsarin mulkin Indiya ya ba ministan da ba shi da kujera a majalisa wata shida ya samu kujera ko ya sauka, don haka ta koma Bhabanipur ta ci zaɓen cike gurbi da ratar sama da 58,000. Ta kuma kai ƙara Babbar Kotun Kolkata kan sakamakon Nandigram, shi kuwa Adhikari ya zama jagoran 'yan adawa a majalisar.