Yadda Ake Miƙa Majiyyaci Ta Kwamfuta A Asibitocin Amurka

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a babban asibiti ya san irin zaman jiran da ake yi tsakanin sashen gaggawa da ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya. Ga gado an samu, amma majiyyaci yana nan yashe, domin likitan da zai karɓe shi bai sami sukunin ɗaukar tarho ba. In ya ɗauka kuma, sai a yi bayani a gurguje, a manta da wani magani ko wani gwaji.

A ƙasar Amurka an daɗe da gane cewa wannan miƙa hannu yana cikin wuraren da aka fi yin kuskure. Saboda haka a shekarar 2006 hukumar Joint Commission, mai duba ingancin asibitoci, ta wajabta wa asibitocin da ke ƙarƙashinta su fito da tsari guda na miƙa majiyyaci, wanda zai ba mai karɓa damar yin tambaya. A 2009 kuwa gwamnatin Shugaba Obama ta kafa dokar da ta ware kuɗi don asibitoci su mai da fayilolin marasa lafiya cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta.

Ga yadda abin yake tafiya. Likitan gaggawa zai rubuta ciwon mutum, da magungunan da aka ba shi, da waɗanda jikinsa ba ya so, da gwajin da ake jiran sakamakonsa. Nan take takwaransa na ɗakin kwanciya zai gani. In ya gamsu ya amsa, in da abin da ya shige masa duhu ya buga tarho. Ke nan ba sai su biyun sun sami sarari lokaci guda ba, gadon gaggawa kuma ya samu da wuri ga na baya.

To, amma fa na'ura kaɗai ba ta isa ba. A 2014 likitocin Asibitin Yara na Boston suka bayyana sakamakon binciken da suka jagoranta a asibitoci 9 na Amurka da Kanada, kan wani tsari mai suna I-PASS na miƙa aiki tsakanin likitoci. Kurakurai sun ragu da kashi 23 cikin 100, cutarwar da za a iya kauce mata ta ragu da kashi 30, kuma lokacin bayani bai ƙaru ba. Sai dai tsarin ya haɗa rubutu da horo da magana baki da baki, har mai karɓa yakan maimaita abin da ya ji.

Dalili kuwa shi ne, kwamfuta ba ta tambaya. In aka kwafo bayanin jiya aka liƙa a na yau, haka za ta kai shi da kuskurensa. Don haka majiyyacin da ke cikin mawuyacin hali, bayan an rubuta bayaninsa, ya kamata likita ya kira likita su yi magana kafin a tura gadonsa.