Zafin da Ke Tafiya da Hayaƙi

Duk wanda ya taɓa kwana a Gashuwa ko Nguru a tsakiyar hunturu, sa'ad da iska ke kaɗowa daga Sahara har ruwan randa ya gagari taɓawa da asuba, ya san cewa zafi ma haja ne, da kuɗi ake sayensa, ko da yake in bazara ta yi babu mai yarda da wannan magana. To, a cikin wannan muku-mukun ne za ka ga hayaƙi yana tashi daga gidan burodi, da murhun masu turara shinkafa, da wurin masu bandar kifi a bakin Kogin Yobe, alhali kowane hayaƙi yana ɗauke da wani kaso na zafin itacen da aka saya da tsada, ya tafi da shi sama ba wanda ya mora.

Turawa, da yake sanyi ya fi matsa musu, sun daɗe da lura da wannan hasara. A Ingila da arewacin Amurka akwai gidaje masu yawa da ake ɗumamawa da tukunyar ƙarfe mai shan kananzir ko man gas, ta dafa ruwa, ruwan ya zaga ɗaki ɗaki ta cikin bututu. Hayaƙin tsofaffin tukwanen kuwa yakan fita da zafin da ya haura digiri 200. Tun a 1845 wani mutum mai suna Edward Green, a garin Wakefield, ya ƙago dabarar jera bututun ruwa a kan hanyar hayaƙin masana'antu, domin ruwan ya ɗau ɗumi kafin ya isa tukunya. Tukwanen zamani sun kai ga sanyaya hayaƙin har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, ta haka suna cin moriyar fiye da kashi 90 cikin 100 na zafin man.

Mu ba mu da irin wannan tukunya, amma hasararmu ta fi tasu girma. Murhun duwatsu uku, wanda mafi yawan gidajenmu suka dogara da shi, abin da yake isarwa ga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba, saura iska ke kwashewa. Injin wuta mai shan gas kuwa, kimanin sulusin ƙarfin mansa ne ke zama lantarki, wani sulusin ya bi salansa ya fice. A ƙasar da hamada ke matsowa daga arewa, masu itace kuma sai sun ƙara nisa cikin daji kowace shekara, ban ga sunan da ya dace da wannan ba illa israfi, wanda malamai suka yi hani da shi ko a cikin ruwan alwala.

Hikimar kuma ba baƙuwa ba ce a gare mu, gama gadon ƙasa da kakanninmu ke hura wa wuta a ƙarƙashi domin mai jego da tsofaffi, kama zafi yake yi ya riƙe shi har dare ya raba. Mutanen Gana su ma, a unguwar Chorkor ta birnin Akara, tun 1969 suke ɗora farantan kifi hawa hawa a kan tanda guda, hayaƙi ɗaya ya ratsa su duka. Masuntan fadamar Haɗeja da Nguru za su fi kowa gane amfanin haka. Abin da ya fi sauƙi a gida shi ne a naɗe siririn bututun jan ƙarfe a jikin bututun hayaƙi ta waje, a haɗa bakunansa biyu da gangar ruwa wadda aka ɗora sama da shi. Ruwan da ya yi zafi ya hau da kansa, mai sanyi ya sauko, ba tare da famfo ba. Gidan da ake wankan jego na kwana arba'in, ko masallacin da ke da injin wuta da jama'a masu alwala da asuba, sun san darajar ganga guda ta ruwan ɗumi.

Sai dai al'amarin yana da sharuɗɗa, wanda ya jahilce su kuwa gara ya bar hayaƙinsa ya tafi. Zafin hayaƙi shi ne ƙafar da yake hawa da ita. Idan haɗama ta sa aka ƙwace shi duka, ko aka ƙuntata masa hanya, sai ya yi nauyi ya komo ɗaki, tare da wata iska mai guba, marar launi marar wari, wadda ke kashe mutum cikin barcinsa, ita ce kuma ke hallaka masu kwana da gawayi ko injin wuta a rufaffen ɗaki. Bayan haka, man gas yana da farar wuta a cikinsa, in hayaƙinsa ya huce fiye da kima sai ya zama raɓa mai tsami wadda ke cin ƙarfe har ya huje. Na ɗanyen itace kuma ya bar baƙin danƙo a cikin bututu, wanda wata rana zai kama da wuta in ba a kankare shi.

Saboda haka ina roƙon masu walda na Nguru da Gashuwa, da malaman kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, su haɗu su gwada wannan aiki a gidan burodi guda kafin hunturu mai zuwa. Wanda kuma zai yi a gidansa, kada ya taɓa toshe bakin gangar, domin ruwan da ya tafasa a rufaffen wuri fashewa yake yi.